Hitar Gas: A Fitar da Wutar Waje, a Ja Bututu Ya Kai Ruwan Ciki

Duk wanda ya sayi hitar gas don ruwan wanka, ko yake tara kuɗin saye kafin sanyi ya kankama, ina roƙonsa don Allah ya dakatar da mai aikin famfo tun bai huda bango ba. Maganar ta shafi Khaddamari, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Jere. Ta shafi Zabarmari da Dusuman da Gongulong, ta shafi Mairi da Maimusari da sauran unguwannin da suka riga suka haɗe da Maiduguri. Kada a rataye wannan na'ura a cikin banɗaki. Kada a yi, ko da banɗakin yana da taga, ko da mai shago ya rantse cewa tana kashe kanta, ko da maƙwabci ya yi haka bara bai ga komai ba. A rataye ta waje, a ja bututu ya kai ruwan ciki. Ƙarin kuɗin bai wuce na 'yan mitocin bututu ba, amma a kansu ran mai wanka ya dogara.

Ban ga laifin mai sha'awarta ba. Kowa ya san duhun da Borno ta shiga tun watan Janairun 2021, lokacin da 'yan ta'adda suka kayar da turakun babban layin lantarki tsakanin Damaturu da Maiduguri. Aka gyara a watan Maris, ba a yi mako ba suka sake kayarwa. Sai a Maris na 2023 aka buɗe tashar gaggawa mai megawat 50 da kamfanin NNPC ya gina, kuma duk da haka mutumin ƙauyukan Jere bai isa ya ce ga sa'ar da wuta za ta zo ba. Hitar lantarki ta fi ƙarfin ƙaramar sola, ta fi ƙarfin ƙaramin janareta. Shiga daji neman itace ya zama sayar da rai, gawayi kuwa kullum farashinsa gaba yake yi. Ga sanyin Disamba da Janairu, ga alwalar asuba, ga yara da za a wanke kafin makaranta. A irin wannan hali, farin akwatin da batir biyu na tocila ke kunna shi, da zarar an murɗa famfo ruwan zafi ya zubo, dole ya shiga ran mutum. Na'urar kanta ba mugun abu ba ce. Miliyoyin gidaje a duniya suna amfani da ita lafiya. Inda aka rataye ta, da yadda aka ja mata bututu, su ne ke raba lafiya da makoki.

Ɓarnar daga sabo take farawa. Mai aikin famfo ya saba da hitar lantarki, wadda mazauninta saman shawa ne. Ya buɗe kwali, ya ga bakin ruwan sanyi da bakin ruwan zafi, duka rabin inci, daidai da waɗanda hannunsa ya sani. Sai ya yi lissafinsa: idan ta zauna kusa da shawa bututu kaɗan za a saya, gwiwa kaɗan, fasa bango kaɗan, kuma wanda ya faɗi kuɗi kaɗan shi ake ba aiki. Maigida ma hakan ya fi masa, don yana tsoron ɓarayi su kwance masa ita in tana waje. Akwati ya hau saman shawa, tukunyar gas ta zauna a lungun ƙofa. Babu mai mugun nufi a cikinsu. Abin da suka manta shi ne ta lantarki ba ta shaƙar iska, wannan kuwa wuta ce mai ci, kuma iskar da take ci ita ce wadda mai wanka yake numfashi da ita.

A duba girman wutar. Hitar da aka rubuta wa lita 10 tana ƙara wa lita goma na ruwa zafin digiri 25 cikin kowane minti. Kafin ta iya haka sai ta ci wutar da ta kai kilowat 20, wato kamar a kunna kawunan murhun gas bakwai ko takwas lokaci guda. Tana ƙone kusan kilo ɗaya da rabi na gas a awa, tana buƙatar iska kusan kubik mita 20 a wannan awar. Banɗakin da aka saba ginawa, mita ɗaya da rabi a mita biyu, duk iskar da ke cikinsa ba ta wuce kubik mita takwas ba. Kuma ba sai iskar ta ƙare ba. Oksijin kashi 21 ne cikin ɗari na iskar da muke shaƙa. Ya sauka da kashi biyu ko uku kawai, wutar ta fara ƙonewa rabi da rabi. A rufaffen banɗaki wannan aikin mintuna kaɗan ne. Tururin ruwan zafi yana ƙara shaƙe wutar. Tagar da ake taƙama da ita kuwa, wa ke barinta a buɗe da asubar hunturu? Ita ce abu na farko da ake toshewa da kwali ko leda saboda iska da ƙura.

Wutar da ba ta samu isasshiyar iska ba tana fitar da kabon monoksaid. Mun san wannan guba, ko da ba mu san sunanta ba: ita ce ke cikin hayaƙin janareta da ke kwantar da iyali guda a dare ɗaya, ita ce ke cikin kaskon gawayin da ake kwana da shi a rufaffen ɗaki. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Warin da ake ji idan tukunya tana yoyo wani sinadari ne da ake zuba wa gas da gangan don a gane. Da zarar gas ya ƙone, warin ya tafi, gubar da ta fito kuwa hanci ba ya kama ta. Tana manne wa jini fiye da yadda oksijin ke mannewa sau sama da 200, sai jini ya riƙa zagayawa ba ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abincinsu. Ciwon kai ne farko, sai jiri, sai tashin zuciya, sai ƙafafu su mutu. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tana fara cinye tunanin da mutum zai ceci kansa da shi. Yana jin wani iri, ya ce bari ya ɗan tsuguna ya huta. Sakata tana ciki, ruwa yana ta zuba, na waje suna jin ƙarar shawa suna cewa bai gama ba.

Ga wani abu da zai sa wannan annoba ta daɗe a cikinmu ba a gane ta ba. Idan mutum ya faɗi a banɗaki, abin da ake fara cewa shi ne ya yi gamo, ko iska ta taɓa shi. Idan ya fito da ciwon kai da kasala, a ce zazzaɓin cizon sauro ne ko taifod, a aika yaro kemis. Idan dattijo ne, a ce hawan jini. Kowanne a cikinsu yana faruwa, ban musa ba. Amma gidan da aka sa hitar gas, aka ga mutum biyu ko uku suna fitowa daga wanka da ciwon kai iri ɗaya, wanda ke sauka in sun zauna a tsakar gida, to a fara tuhumar akwatin da ke bango. In ba haka ba za a yi jana'iza, a share hawaye, kashegari wani ya shiga banɗakin nan ya murɗa famfon nan.

Wadda na fi ji wa tsoro ita ce mai jego. Kwana arba'in ana wankan ruwan zafi safe da yamma, kuma itacen da wannan wanka ke ci ba kaɗan ba ne. Miji mai tausayi zai ga hitar gas ta raba shi da sayen itace, ta raba gwaggo ko kaka da ɗaukar tukunya mai tafasa. Sai a tara babban baho, a bar famfo yana zuba minti goma ko sha biyar, ƙofa a rufe don kada iska ta bugi mai jego. Mace ce da ta zubar da jini kwanan nan, ga ta a ɗakin da wuta ta riga ta cinye iskarsa, sau da yawa tare da tsohuwar da ke yi mata wankan. Mai ciki ma haka: jinin ɗan tayi ya fi na uwa riƙe wannan guba, ya fi jinkirin sakinta, har uwa ta farfaɗo abin da ke cikinta bai tsira ba.

Waɗanda suka riga mu amfani da ita sun biya da rayuka. A Aljeriya, inda kusan kowane gidan birni ke da hitar gas, jami'an ba da agajin gaggawa suna ƙirga sama da mutum ɗari da wannan guba ke kashewa a shekara, akasari da sanyi, har a 2023 gwamnati ta umarci kamfanin Sonelgaz ya riƙa saka na'urar gano gubar a gidaje kyauta. Ƙasa ce mai ƙwararrun ma'aikatan gas da dokokin gini. Mu da muke farawa ba tare da ko ɗaya ba, me muke tsammani?

To ina za a sa ta? A bangon waje, inda iska ke wucewa, cikin inuwa, nesa da taga da ƙofa, ba a zaure ba, ba a rufaffen lungu tsakanin ɗaki da katanga ba. A nan Allah ya yi mana sauƙin da Turai ba ta samu ba: su suna tsoron ruwa ya daskare a bututu ya fasa shi, mu ruwa ba ya ƙanƙara a Borno. Tsoron ɓarawo kuwa kejin ƙarfe mai raga da kwaɗo ya ishe shi, da 'yar rumfa a sama saboda ruwan sama da guguwa. Kada dai a mayar da kejin akwatin da aka liƙe ko'ina. Bututun hayaƙi ya zama na ƙarfe, faɗinsa daidai da bakin na'urar, ya miƙe sama ya wuce inda iska za ta dawo da hayaƙi ta taga. Na roba ba ya wannan aiki ko kusa.

Ramin da aka huda a bango don bututun ruwa ya shiga, a cike shi da siminti tsaf. Wannan ba gyaran fuska ba ne. A watan Oktoban 2006, wasu yara biyu 'yan Ingila, yaya mace mai shekara bakwai da ƙanenta mai shida, sun mutu a wani masauki a tsibirin Corfu na ƙasar Girka. Tukunyar ɗumama ruwan ba ta cikin ɗakinsu. Tana wani ɗan ɗaki a jikin ginin. Amma ba ta da bututun hayaƙi, an kashe na'urar da ke tsayar da ita in ta lalace, kuma akwai ramukan da aka bari a bango. Ta nan gubar ta shiga musu suna barci.

Sai irin bututun. Farin bututun PVC da ake jan ruwan tanki da shi, iyakarsa digiri 60. Ya wuce nan ya fara laushi, gam ɗin gaɓoɓinsa ya saki. Wani zai ce ai ruwan wanka ba ya kai haka. A hunturu wataƙila. Amma a tuna baƙin tankin roba da ke kan ƙarfe a ranar Afrilu, lokacin da zafin Maiduguri ke haura digiri 40: ruwan da ke saukowa daga cikinsa ya riga ya yi zafi, hita kuma ba ruwanta, za ta ɗora nata a kai. In ruwan yana tafiya a hankali, zafin ya fi haka hawa. Ruwa mai digiri 60 yana sale fatar babba cikin daƙiƙa kaɗan, ta jariri kuwa kafin a janye shi. Don haka layin zafi ya zama PPR mai kauri, wanda aka rubuta wa PN20 ko PN25, irin wanda ake haɗawa da injin narkarwa, ko CPVC, ko tagulla. Ko da waɗannan, kimanin rabin mita na farko daga jikin hitar ya zama ƙarfe, kuma kada roba ta kusanci bututun hayaƙi. A sa bawul a layin sanyi dab da na'urar, a sa matata kafin shi, domin ruwan burtsatse yana zuwa da yashi, yashin kuma yana toshe siririn bututun da ke cikinta. Kafin a ɗaura, a saki ruwa ya wanke layin. A karanta alamar da ke kan kowane baki. Bakin gas da na ruwa sukan zo da zare iri ɗaya, kuma ba kowane kamfani ke jera su iri ɗaya ba.

Yanzu ga inda na fi so masu aikin famfo su saurare ni, domin a nan gwaninta ke zama haɗari. Hitar nan ba ta kunnuwa sai ruwa ya tura wata 'yar roba a cikinta, ita kuma ta buɗe gas. Da ruwa ya tsaya, wuta ta mutu. Wannan ne babban tsaronta. Mu kuwa ruwanmu daga tanki yake saukowa, kuma kowace mita goma ta tsayi ce ke ba da bar ɗaya na ƙarfin ruwa. Tankin da ke mita huɗu ko biyar daga ƙasa, kan shawa kuma yana mita biyu, abin da ya rage bai wuce kashi biyu ko uku cikin goma na bar ba. Hitoci da yawa ba sa tashi da wannan, ko su tashi su mutu, su tashi su mutu. Maigida ya kira waya ransa a ɓace: «Malam, aikinka bai yi ba.» Mai famfo ya zo, ya buɗe murfi, ya ga ɗan makunnin da ke hana wuta tashi, ya danne shi da waya ko ya haɗe wayoyinsa. Ta kama. Kowa ya yi murna. Daga ranar wutar ba ta san ko akwai ruwa ko babu ba. Ran da tanki ya ƙafe ana cikin wanka, ko aka rufe famfo, za ta ci gaba da ci a kan ruwan da ya tsaya har ya zama tururi, ya fasa bututu ko ya feso wa wanda ya buɗe famfo na gaba.

Irin wannan gyara ya taɓa girgiza Japan. A 2006 aka bankaɗo cewa hitocin gas na kamfanin Paloma sun kashe mutum 21 tsakanin 1985 da 2005, kuma a yawancin lokuta masu gyara ne suka haɗe wayoyin tsaro don na'urar ta ci gaba da aiki ko da fankar fitar da hayaƙi ba ta juyawa. A 2010 kotu a Tokyo ta samu tsohon shugaban kamfanin da laifin sakaci. Maganin ƙarancin ƙarfin ruwa sananne ne kuma halal: a ɗaga tanki, a sauko da bututu mai faɗi daga gare shi, a rage gwiwoyi, a wanke matata, a sa ƙaramin injin tura ruwa, ko tun farko a sayi hitar da aka ƙera don ruwa mara ƙarfi. Malam mai famfo, in maigida ya matsa maka ka danne makunnin nan, ka ce masa ba za ka yi ba, ka tattara kayan aikinka. Kuɗin aiki ɗaya bai kai ka ɗauki alhakin rai ba.

Akwai nau'i na biyu, mai tanki a jikinsa, wanda makarantun kwana da masaukai da asibitoci suka fi saye. Shi ruwa yake tarawa ya dafa, ruwa kuma yana kumbura in ya yi zafi. Saboda haka ake sa masa bawul ɗin tsira, wanda ke buɗewa da kansa ya zubar da ruwa idan zafi ko matsi ya yi yawa. Yakan ɗiga lokaci lokaci, kuma ɗigar ce ke sa a ce ya lalace a toshe shi da murfi. Ranar 19 ga Janairun 1982, a makarantar firamare ta Star da ke garin Spencer a jihar Oklahoma ta Amurka, tukunyar ruwan zafi mai aiki da gas ta fashe a ɗakin girki ana cin abincin rana; yara shida da malama ɗaya suka mutu. Bawul ɗin tsiran ba ya cikin halin yin aikinsa. Ruwan da ya wuce tafasa a rufe, in ya samu kafa, yana zama tururi mai girman da ya ninka nasa sau kusan 1,600 nan take. A ja wa bawul ɗin bututunsa ya sauka kusa da ƙasa inda ido ke gani, kada a rage masa faɗi, kada a sa masa famfon rufewa.

Ɓangaren gas ba zan tsawaita ba. Tukunya ta zauna waje a tsaye, cikin inuwa. Gas ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake bi, ya kwanta a magudanar banɗaki da ramin masai, kashi biyu kacal cikin ɗari na iska ya isa ya kama, kuma gidajenmu ba sa rabuwa da kaskon turaren wuta. A sa regileto mara ƙarfi, mai milibar 28 zuwa 30, da tiyon gas na ainihi da kilif a kowane baki. A gwada gaɓoɓi da kumfar sabulu, ba da ashana ba. Mai sayen ta gwanjo ya duba farantin da ke jikinta: G30 ko G31 na gas ɗin tukunya ne, G20 kuwa na gas ɗin bututun birni ne irin na Turai da Aljeriya, ramukan wutarsa sun fi faɗi, in aka ɗaura masa tukunya baƙin hayaƙi da guba zai yi ta fitarwa. Wadda kuma ruwa ya taɓa shanyewa, kamar kayan da ambaliyar madatsar Alau ta ranar 10 ga Satumban 2024 ta bi ta kansu a Maiduguri da Jere, ba ta gyaruwa. Laka ta shiga bawul ɗinta, a rabu da ita.

Harshen wuta shuɗi ne in lafiya. Ya koma rawaya, ko aka ga baƙi a saman akwati ko a bango, a kashe. Ƙurar hunturu tana toshe kawunan wuta, zanzaro da ƙadangare suna gida a bututun hayaƙi, don haka a buɗe a share kafin kowane sanyi.

In har ta faru, aka ji shiru ya yi yawa, a ɓalle ƙofa, kunya ba ta da wuri a nan. A rufe gas daga kan tukunya, a fito da mutum fili. Kada a ɗura masa madara ko manja; ba cikinsa gubar take ba, kuma wanda ya suma zai iya shaƙewa. Addu'a a yi ta a hanya, mota tana tafiya. Maganinsa oksijin ne: a iskar waje jiki yana ɗaukar awa huɗu zuwa biyar kafin ya fitar da rabin gubar, da oksijin zalla kuwa awa ɗaya da 'yan mintuna. A nufi inda ake da shi, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ko Asibitin Ƙwararru na Jiha, ko na Umaru Shehu da ke Bulumkutu, ko da mutumin ya farfaɗo ya ce ya warke, domin illar ƙwaƙwalwa takan biyo baya bayan kwanaki. A gaya wa likita ƙarara cewa akwai hitar gas a banɗakin, saboda 'yar na'urar da ake maƙala wa yatsa ba ta bambance gubar da oksijin, tana iya nuna komai daidai alhali jini ya cika da ita.

Ina kira ga limamanmu su faɗi wannan a huɗubar Juma'a kafin Disamba, ga bulamomi da lawanai su gaya wa masu gini a unguwanninsu, ga masu shagunan kayan famfo a Kasuwar Monday da Gamboru su faɗa wa duk mai saye tun kafin su karɓi kuɗinsa. Wanda kuma tasa ta riga ta hau bangon banɗaki, yau ɗin nan ya rufe tukunya, ya cire batiran, ya gaya wa uwargida da yara dalili. A dafa ruwa a tukunya a tsakar gida har mai famfo ya zo ya fitar da ita waje.